Wai mutum ya hana a buga masa ko ɗaya, kuma a ce bai yi no-hita ba?

Ɗan Bronx: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ni fa akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya da daddare. Na ɗauko wani tsoho bature daga wajen filin Yankees zan kai shi Queens, go-sulo ya riƙe mu a gada sai muka ɓarke da hirar besbol, yake ba ni labarin wani wasa da ya kalla a talabijin a 1990, wai Andy Hawkins na Yankees ya yi jifa tun daga farkon wasa har aka tashi ba wanda ya samu hit ko ɗaya a kansa, amma aka ci Yankees 4-0, kuma bayan shekara guda aka zo aka goge sunansa daga jerin masu no-hita. Na ce masa baba anya kuwa? Da na koma gida na duba wlh haka abin yake. To ni tambayata wace irin doka ce wannan, mutum ya yi aikinsa an tafa masa jaridu sun buga, sannan wasu su zauna a ofis cikin esi su ce ba a yi ba?

Sadiq Zariya: Wa alaikumus salam yaya. Kafin ku yi nisa a tausaya wa irinmu da aka jefo cikin zauren nan ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba 😂 mene ne no-hita? Kuma ta yaya za a ci mutum huɗu ba a buga masa ba, aljanu ne suka ci?

Malam Habu: Sadiqu zauna ka ji. Wasan besbol inin tara ne, kowane inin kuma kashi biyu ne, baƙi su ke fara riƙe sanda sai an fitar musu da mutum uku, sannan masu gida su karɓa su ma a fitar musu da uku. Kenan mai jifan da ya yi wasan duka sai ya ga bayan mutum 27. Hit shi ne mai bugu ya daki ƙwallo ta sauka a cikin fili ya isa bes lafiya, ba don wani mai tsaro ya yi sakaci ba. Amma akwai hanyoyin da mutum zai hau bes ba tare da hit ba. In mai jifa ya jefa huɗu a waje mai bugu bai kai musu sanda ba sai a ce ya taka ya tafi bes na ɗaya, shi ne wok. In ƙwallo ta same shi a jiki ma haka. In kuma mai tsaro ya saki ƙwallon da ya kamata ya cafke, wannan kuskure ake rubutawa ba hit ba. To ka ga ana iya tara mutane a bes har su zagayo gida a ci, alhali allon hit yana nuna sifili. No-hita kuwa ita ce mai jifa ya hana ɗaya ƙungiyar hit ko guda har a tashi wasa.

Sadiq Zariya: Au to. Kamar gola ya kama duk shot ɗin da aka buga masa amma difendansa ya ci gida kenan

Malam Habu: Ka kusa. Sai dai na Hawkins difenda uku ne suka ci gida a inin ɗaya.

Ɗan Bronx: Wlh malam na kalli bidiyon har raina ya ɓaci kamar yau aka yi. Ranar 1 ga Yuli 1990 ce a tsohon filin Comiskey na Chicago, ana 0-0 har inin na takwas, ya riga ya fitar da mutum biyu saura ɗaya. Sai Sammy Sosa ya buga ƙasa-ƙasa Mike Blowers ya kasa riƙewa, kuskure na ɗaya. Hawkins ya rikice ya ba mutum biyu wok bes ya cika. Sai Robin Ventura ya ɗaga ƙwallo sama wacce ko ɗan firamare zai tara hannu ta faɗo masa, Jim Leyritz ya yi ta juyi da iska ƙwallo ta taɓa safar hannunsa ta faɗi, mutum uku suka shige. Na gaba ma ya ɗaga, Jesse Barfield rana ta kashe masa ido shi ma ya saki. 4-0. Ina laifin Hawkins a nan don Allah

Malam Habu: Wok biyun dai shi ya bayar ba Leyritz ba. Amma ba don an ci shi aka cire shi ba, a nan mutane ke ruɗewa. Ranar 4 ga Satumba 1991 kwamitin da ke kula da daidaita alƙaluman MLB, wato babbar hukumar besbol ta Amurka, ya zauna, shugaban hukumar na lokacin Fay Vincent shi ya jagoranta, suka ce no-hita ta hukuma ita ce mai jifa ɗaya ko fiye su hana hit tun daga farkon wasa har ƙarshensa, kuma su yi jifa na aƙalla inin tara. Sharaɗi biyu kenan, tara cif ko fiye, da kuma har a tashi. Hawkins baƙo ne a Chicago, da Yankees suka gama bugunsu na tara ba su rama ba sai wasa ya ƙare, tunda masu gida in suna gaba ba sa sake ɗaukar sanda. Ya tashi da inin takwas, mutum 24. Wasanni wajen 50 aka share a wannan zaman, ba shi kaɗai ba ne.

Bash Pittsburgh: Malam da girmanka amma bari na shigo a nan. Ku bar ma maganar Hawkins, shi ai an ce takwas ya yi. Harvey Haddix na Pirates ɗinmu fa? 26 ga Mayu 1959, Pirates da Milwaukee Braves, bawan Allah ya fitar da mutum 36 a jere, inin 12 ba hit ba wok ba kuskure ba wanda ya taka bes na ɗaya, kuma ba ƙananan yara yake jefa wa ba, Hank Aaron na ciki Eddie Mathews na ciki, ƙungiyar da ta je wasan ƙarshe na World Series, wato fainal ɗin besbol, shekara biyu a jere kafin nan. Abokan wasansa suka samu hit 12 suka kasa cin ko ɗaya. A inin na 13 Don Hoak ya yi mummunar jifa Felix Mantilla ya hau bes, Mathews ya tura shi gaba, aka ba Aaron wok da gangan, Joe Adcock ya ɗaga ta ta tsallake katanga. Har a nan ma sai da aka yi shirme, Aaron ya ɗauka wasa ya ƙare ya bar hanya Adcock ya wuce shi, aka mayar da bugun na bes biyu aka tashi 1-0. To yanzu a littafin hukuma Haddix ba shi da no-hita ba shi da cikakken wasa, wato wanda ko mutum ɗaya bai taka bes ba. Wanda ya yi 27 yana ciki wanda ya yi 36 yana waje. Ku faɗa min a wace makaranta ake wannan lissafin

Sadiq Zariya: Kai 😳 shi kuma ɗaya mai jifan fa

Bash Pittsburgh: Lew Burdette, shi aka rubuta wa nasara. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi

Malam Habu: Bashir ka san dai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Sunan abin fa wasan da ba hit. An samu hit a wasan Haddix ko ba a samu ba? An samu. To shikenan. Ba wanda ya ce bai yi bajinta ba, da yawa ma suna cewa ba a taɓa jifa mai kyan tasa ba a tarihi, ni ma ban musa ba, amma bajinta daban sunan da za a rubuta a littafi daban.

Bash Pittsburgh: Shekara 32 fa yana cikin jerin malam. Yana raye aka cire shi, bai fi shekara biyu da 'yan watanni ba bayan nan ya rasu. Ko don kunya ai sai a ce dokar ta fara aiki daga yau, na baya a bar su yadda suke

Maman Ilham: Salamu alaikum, sannunku da hira, yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙo rututu. Ni ina bayan Malam a kan Haddix amma ina bayan Ɗan Bronx a kan Hawkins, kuma ga dalilina. Mu nan Houston muna da Ken Johnson, lokacin ma ƙungiyar ba a sa mata Astros ba Colt .45s ake ce mata. 23 ga Afrilu 1964 ya hana Cincinnati hit har inin tara, a na taran Pete Rose ya ɗan tura ƙwallo gabansa Johnson da kansa ya ɗauka ya jefa ba daidai ba Rose ya kai bes na biyu, daga baya Nellie Fox ya sake wani kuskuren Rose ya shigo gida, aka ci Houston 1-0. Tasa tana nan a littafi har gobe. Me ya bambanta shi da Hawkins? Shi a gida yake shi ya sa ya samu jefa inin na tara, Hawkins kuma a waje yake. Wato jadawalin wasa ne ya raba su ba hannunsu ba. Mutum bai gudu ba bai ce ya gaji ba, dokar wasan ce da kanta ta hana shi jefa na tara, sannan a dawo a ce ai ba ka jefa tara ba. Wannan kam an shiga haƙƙinsa

Ɗan Bronx: Allah ya saka da alheri Hajiya, abin da nake ta son faɗa kenan bakina ya kasa

Malam Habu: Hajiya maganarki da nauyi ban raina ta ba. Amma ki tambayi Dave Stieb na Toronto menene mutum ukun ƙarshe. A Satumban 1988 sau biyu a jere, wasa biyu da ya fara ɗaya bayan ɗaya, yana kaiwa inin na tara ya fitar da biyu saura mutum ɗaya tak sai a buga masa hit. A Agustan 1989 kuma ya kai mutum na 27 ba wanda ya hau bes, Roberto Kelly na Yankees ɗin Ɗan Bronx ya ɓata masa. Sai 2 ga Satumba 1990 ya samu tasa a Cleveland. Inin na tara nan ne hannu ya mutu, masu bugu sun gan ka sau uku sun gane jifarka, filin duka ya miƙe tsaye gabanka na faɗuwa. Wanda bai shiga wannan wutar ba ta yaya za a ba shi lambar da aka ba Stieb? Ba mu san abin da zai faru da Hawkins a na tara ba, shi ma bai sani ba.

Maman Ilham: To ai ba a ba shi dama ba ne Malam

Malam Habu: Haka ne. Rashin sa'a ce, ba zalunci ba.

Issoufou Montreal: Sallama gare ku. Ni in ana maganar rashin sa'a ku ba ni wuri in zauna, don ƙungiyar garin nan Expos, da aka kwashe ta aka kai Washington bayan 2004, ita ta fi kowa shan wannan doka. Tsofaffin unguwarmu har yanzu in an zauna shan kafe sai sun tayar da zancen. Mark Gardner a Yulin 1991 ya yi inin tara ba hit da Dodgers, Expos suka kasa ci, a na goma aka buga masa aka kuma cinye su. Kwana biyu bayan nan Dennis Martínez ya yi cikakken wasa a fili ɗaya da ƙungiya ɗaya, shi ya huce musu haushi. Sai Pedro Martínez 3 ga Yuni 1995 a San Diego, mutum 27 a jere ba wanda ya hau bes, amma 0-0 ake, Expos suka ci ɗaya a farkon na goma, Pedro ya dawo mutum na farko Bip Roberts ya buga masa ta bes biyu. Sun ci wasan 1-0 amma Pedro har ya yi ritaya ba shi da no-hita ko guda, mutumin da ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa sau uku. Ga kuma Pascual Pérez da ya yi inin biyar ba hit a Philadelphia a 1988 ruwan sama ya tsayar da wasa, shi ma an share

Sadiq Zariya: Tsaya tsaya, inin biyar kuma? Ashe ana tashi a biyar

Issoufou Montreal: Eh in ruwa ya hana ci gaba kuma an riga an yi biyar, wasa ya zauna, wanda ke gaba ya ci

Malam Habu: Yawwa Issoufou ka kawo min hujja da hannunka. Mutum 15 fa kenan. Kafin 1991 irin waɗannan duk suna cakuɗe a jeri ɗaya da na manyan masu jifa irin su Nolan Ryan da Sandy Koufax, wasu da ɗan tauraro a gefe wasu da bayani a ƙasa, kowace jarida da nata lissafin. Dole a ja layi a wani wuri, kuma duk inda ka ja shi sai ya bi ta kan ƙafar wani.

Ɗan Bronx: Abin dariyar ma ƙanin Pascual ɗin, Melido Pérez, shi ma ya yi tasa ta ruwan sama inin shida, kuma Yankees ya yi wa, 12 ga Yuli 1990, kun san wa ya yi jifa a ɓangaren Yankees ranar? Hawkins 😭 kwana 11 bayan waccan. Bawan Allahn nan watan Yuli bai karɓe shi ba. Ni na yarda a cire na ruwan sama, biyar da shida ba wasa ba ne. Amma takwas ɗin da aka buga wasa har ƙarshe daban ne

Bash Pittsburgh: Kuma abin bai daina faruwa ba. Matt Young na Boston a 1992 a Cleveland an ci shi 2-1 ba hit. Angels a 2008 Jered Weaver da José Arredondo, Dodgers suka ci 1-0 ba hit. Na 2022 kuma a nan garin aka yi ina ɗakin karatu ina leƙen waya, 15 ga Mayu, Hunter Greene na Reds yana ta wurga wuta har cikin inin na takwas ya fara ba da wok aka cire shi Art Warren ya shigo, Pirates suka ci ɗaya ba tare da hit ba suka tashi 1-0. Mu da muka ci wasan ma kunya muke ji wlh

Admin Kawu Sale: Jama'a ana jin daɗin muhawara amma wanda ya turo tallan data da atamfa a tsakiyar hira na goge, in ya sake zan fitar da shi. Ku ci gaba. Malam ni tambayata a kan Bumgarner ce don ita ce ta fi ɗaure min kai.

Malam Habu: Na san za a zo nan Kawu 😅

Admin Kawu Sale: Ai dole. Lokacin korona 2020 da 2021 hukumar MLB da kanta ta ce in za a buga wasa biyu a rana ɗaya kowanne inin bakwai ne. Ba ruwan sama ba ne, ba duhu ba ne, su suka tsara haka tun kafin a fara. 25 ga Afrilu 2021 Madison Bumgarner na Arizona ya jefa bakwai ɗin duka a Atlanta ba hit suka ci 7-0, a wasan farko na ranar ma Zac Gallen hit ɗaya kawai ya bari, wato Braves sun yini suna bugu hit ɗaya suka samu. An rubuta wa Bumgarner cewa ya kammala wasa shi kaɗai, an rubuta masa cewa ba a ci shi ba, duk waɗannan sun shiga littafi, amma no-hita aka ce a'a. To wasan cikakke ne ko ba cikakke ba ne? In cikakke ne a ba shi kayansa, in ba cikakke ba ne a goge nasarar ma. Ba a cin tuwo da miya sannan a ce ba a ga kwano ba.

Maman Ilham: Kawu ya gama magana 👏

Malam Habu: Gaskiya Kawu a nan ni ma sai na sunkuyar da kai kaɗan, hukumar ce ta jefa kanta a rami, ta canza tsawon wasa ta manta da dokar 1991 a aljihu. Elias da ke riƙe musu alƙaluma suka ce tara aka rubuta tara za a bi. Amma duk da haka mutum 21 ba 27 ba ne. A 2021 ɗin nan fa no-hita tara aka yi ta hukuma, ba a taɓa yin yawan haka a kaka ɗaya ba, masu bugu duk sun koma neman ɗaga ƙwallo waje suna ta dukan iska. Da an ƙara da na bakwai-bakwai, don Tampa Bay ma sun yi tasu a Yuli da masu jifa biyar, ai abin sai ya zama kamar gyaɗa a kasuwa.

Bash Pittsburgh: Tunda ka ce masu jifa biyar bari na tayar da wata. Dokar nan da ta kori Haddix ita ce fa ta yarda mutum shida su haɗu su yi no-hita. Astros a 2003 a filin Yankees, Roy Oswalt ya ji ciwo tun a inin na biyu aka yi ta canji har mutum shida, kowa ya zo da sabon hannu ya jefa 'yan ƙwallaye ya koma ya zauna, wannan tana littafi. Hajiya ki yi haƙuri amma wannan aikin gayya ne ba bajinta ba

Maman Ilham: Bashir ƙanena ka kiyaye ni 😂 aikin gayya ai shi ke cika rumbu. Kuma ka manta ta 2 ga Nuwamba 2022, World Series wasa na huɗu a Philadelphia, Cristian Javier inin shida sai Abreu sai Montero sai Pressly, daren nan ban yi barci ba Ilham har ta fito tana tambaya ko lafiya nake ihu. Tun Don Larsen a 1956 ba a sake hana hit a World Series ba sai ranar. Ni a ganina dokar ba ta mai jifa ba ce tun asali, ta wasa ce, tambayar kawai ita ce waccan ƙungiyar ta samu hit ko ba ta samu ba. Shi ya sa ma nake cewa a ba Hawkins, don White Sox ɗin Chicago ba su samu ba har aka tashi

Malam Habu: Kuma zancen haɗaka ba sabo ba ne. 1917 Babe Ruth yana mai jifa a Boston ya ba mutumin farko wok, ya hau rafali da masifa aka kore shi har ya kai masa naushi, Ernie Shore ya shigo, aka kama wancan yana ƙoƙarin satar bes, Shore ya fitar da 26 da suka rage a jere. Shekaru da yawa ana lissafa ta a cikakken wasa, daga baya aka mayar da ita no-hitar haɗaka, Ruth da ya jefa wa mutum ɗaya sunansa na ciki.

Sadiq Zariya: 😂😂 ya yi faɗa an kore shi kuma ya samu rabo. Wai malam wa ke cewa wannan hit ne wannan kuskure ne, rafali?

Malam Habu: A'a, akwai magatakardan wasa yana zaune sama wajen 'yan jarida, shi ke yankewa. Rafali nasa ya ce an fita ko ba a fita ba, ƙwallo na ciki ko na waje. Shi ya sa wani lokacin no-hita tana rataye a alƙalamin mutum ɗaya, ƙwallo ta kufce wa mai tsaro kowa ya ɗaga kai yana jiran abin da allo zai nuna.

Ɗan Bronx: To tunda an zo kan rafali ni ga inda zan kama hukumar nan da hannu biyu. Armando Galarraga na Detroit, 2 ga Yuni 2010, ya fitar da 26 a jere, na 27 Jason Donald ya buga ƙasa aka jefa bes na ɗaya Galarraga da kansa ya taka kafin ya iso, duniya duka ta gani, rafali Jim Joyce ya ce ya tsira. Bayan wasa Joyce ya kalli bidiyo ya amsa da bakinsa cewa ya yi kuskure ya je ya ba shi haƙuri, washegari har hawaye ya yi a fili. Aka roƙi Bud Selig shugaban hukumar ya gyara ya ƙi, wai ba a taɓa abin da ya wuce. To in ba a taɓa abin da ya wuce wa ya taɓa wasa 50 a 1991? In za a ƙwace ana iya komawa baya shekara 30 har 80, in za a bayar kuma sai a ce alƙalami ya bushe

Issoufou Montreal: Wallahi wannan tambaya ce

Bash Pittsburgh: Malam fito ka amsa 😂

Malam Habu: Ina nan, sallar la'asar na je. Ba abu ɗaya ba ne. Kwamitin 1991 bai canza ko jifa ɗaya da aka yi a fili ba, Haddix har yanzu inin 12 ɗinsa na nan a takardar wasa, Hawkins har yanzu hit sifili ne a gabansa, suna kawai aka canza wa abin. Na Galarraga kuwa sai an shiga cikin wasan an mayar da wanda rafali ya ce ya tsira ya zama ya fita, an kuma goge mutum na 28 da ya zo ya yi bugu kamar bai taɓa zuwa ba. In ka buɗe wannan ƙofar, Johan Santana fa? No-hitar farko ta Mets, maƙwabtan Yankees a New York, a 2012, Carlos Beltrán ya buga ƙwallo ta taɓa farin layi har ƙura ta tashi rafali ya ce waje ce. Sai a ƙwace tasa kenan? Abin da ya dace shi aka yi, daga 2014 aka faɗaɗa duba bidiyo don kar a sake.

Ɗan Bronx: Ta Mets kam a ƙwace ba ruwana 😂

Maman Ilham: Kun ji ɗan Yankees, adalcin nasa iya unguwarsu ne

Sadiq Zariya: Ni yanzu na ɗan gane amma akwai saura. In mai jifa ya gama tara ɗinsa ba hit kuma ana 0-0 shikenan ya jira?

Issoufou Montreal: Ya jira, ya yi ta addu'a abokansa su ci. Henderson Álvarez na Miami ranar ƙarshe ta kakar 2013 da Detroit haka ya yi, ya gama tara 0-0, Miami suka shiga bugun ƙarshen na tara, shi yana tsaye da sanda a gefe yana jiran layinsa sai mai jifan Detroit ya wurga ƙwallo ta wuce mai kamawa Giancarlo Stanton ya ruga gida. A nan tsaye da hular bugu a kansa no-hitarsa ta tabbata. Da ba a ci ba sai ya koma na goma, ko ya zama Álvarez ko ya zama Pedro

Bash Pittsburgh: Ko ya zama Rich Hill, 2017 a nan Pittsburgh, tara ba hit Dodgers sun kasa ci, Josh Harrison ya buɗe na goma da ɗaga ta waje wasa ya ƙare

Admin Kawu Sale: To ni dai na ƙirga, a kan na ruwan sama kowa ya yarda a cire, a kan Haddix Bashir ne kaɗai ke kuka, a kan Hawkins da Bumgarner kuma Malam ne kaɗai ya rage a wancan ɓangaren.

Bash Pittsburgh: Ba ni kaɗai ba ne Kawu, Issoufou na tare da ni saboda Pedro

Issoufou Montreal: Ni fa ban ce a ba Pedro ba, na ce dai abin da ciwo

Malam Habu: Ko ni kaɗai ne ina nan a kan tara. Ɗan Bronx in ka sake ɗaukar tsohon nan ka tambaye shi, da Hawkins ya koma na tara da irin masu tsaron da ke bayansa ranar, yana ganin za a tashi lafiya?

Ɗan Bronx: Ai ko sun sake saki kuskure za a rubuta ba hit ba malam 😂 ga fasinja ya shigo sai anjima